Jarkokin ruwa a matsayin aikin fasaha: yadda ake haɗa su, da yadda za su kai ga gyaran famfo

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ƙungiyar matasa ce, maza da mata, a wata unguwa da ta daɗe tana fama da rashin ruwa. Mun ga hotunan aikin wani ɗan Ghana da ke yayyanka jarkoki rawaya, ya ɗinke su, ya shimfiɗa a kan titi. Muna son yin irinsa don hukuma ta waiwaye mu. Yaya ake haɗa shi, me zai ci, kuma da gaske irin wannan aiki yana kawo gyara, ko dai abin ɗaukar hoto ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yan'uwa. Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Mutumin da kuka gani Serge Attukwei Clottey ne, haifaffen 1985, mazaunin unguwar La a birnin Accra, kuma ya raɗa wa aikinsa suna Afrogallonism. Jarkokin nan da man girki suke shigowa ƙasar, in man ya ƙare su koma na ɗiban ruwa. A Ghana ana kiransu galan ɗin Kufuor, domin a zamanin mulkin Shugaba John Kufuor, daga 2001 zuwa 2009, aka sha ƙarancin ruwan da ya sa ko'ina ka duba mutane ne a layi da su. In sun fashe kuma a kwata da bakin teku suke ƙarewa. Clottey yana sayen su a hannun mutanen unguwa, a wanke, a yanka ƙanana, a huda, a ɗinke da jar waya, kuma matasan unguwar ne ke wannan aiki tare da shi. Wanda ya shimfiɗa a titunan La ya sa masa suna Yellow Brick Road, kuma ba zancen ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba, har da na mallakar fili a wurin da kakanni suka zauna bisa yarjejeniyar baki, ba takarda.

Kun yi dace da kayan aiki, don jarkar nan ita ce dai a kurar ɗan garuwa a garuruwanmu, duk wanda ya gan ta ya san zancen ruwa ake yi. Amma zan fara da ƙarshen tambayarku, saboda amsarsa ce za ta yanke muku girman aikin da siffarsa.

Aikin fasaha ba ya gyara famfo. Abin da yake iyawa shi ne ya ɗauki matsalar da kowa ya saba da ita har ya daina gani, ya kafa ta a inda ba za a iya wucewa ba a kalla ba. Ko hakan zai haifar da gyara ya danganta da abu guda: shin akwai takamaiman buƙata a bayan aikin, da sunan ofishin da ake nema ya biya ta? A Landan wata ƙungiyar masu fasaha mai suna Liberate Tate ta riƙe buƙata ɗaya tak daga 2010 zuwa 2016, wato gidan adana kayan fasaha na Tate ya daina karɓar tallafin kamfanin mai na BP. A 2010, bayan malalar man Tekun Meksiko, sun tsiyaya baƙin ruwan rake mai kama da ɗanyen mai a ƙofar wata liyafar gidan. A 2012 sun shigo da reshen fankar samar da lantarki daga iska mai tsawon mita 16.5 cikin babban zauren, suka ce kyauta ce ga gidan. A gefe guda kuma abokan tafiyarsu suna bin dokar 'yancin samun bayanai, har aka tilasta wa Tate a farkon 2015 ta bayyana cewa abin da BP ya bayar daga 1990 zuwa 2006 fam miliyan 3.8 ne, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a kasafin gidan. A 2016 aka sanar da ƙarshen tallafin. BP ya ce yanayin kasuwa ne ya jawo, amma shekara shida na matsin lamba a kan batu ɗaya ba abin rainawa ba ne. A Amurka kuma mai ɗaukar hoto LaToya Ruby Frazier ta bi wani iyali a garin Flint tun 2016, bayan dalma ta gurɓata ruwan famfon garin, daga baya ta sa kuɗin da ta samu daga hotunanta aka kai wa unguwar injin da ke tatsar ruwan sha daga iska a 2019. A duk biyun, aikin yana jingine da wani abu da za a iya ƙirgawa a ce an samu ko ba a samu ba.

Saboda haka kafin ku taɓa jarka ko ɗaya, ku ba da mako biyu ga ƙirga. Ku zagaya unguwa da littafi, ku rubuta kowace burtsatse, kowane tuƙa-tuƙa, kowane famfon bakin titi: inda yake, shekarar da aka yi shi da wanda ya yi in akwai allo, yana aiki ko ya mutu, tun yaushe. Ku ɗauki makanikin famfo ku biya shi ladan yini, ya faɗa muku ainihin abin da ya lalace a kowanne. Sau da yawa a tuƙa-tuƙa robar cikin silinda ce ta cinye, ko sanda ta tsinke, ko bututu ya hudu, gyaran da ba ya buƙatar haƙa sabuwa. A mai sola kuma ko injin tura ruwa ne ya ƙone, ko an sace farantan. Ya rubuta muku ƙiyasin kuɗin kowane gyara. Sannan ku rubuta farashin jarka ɗaya da damina da kuma da bazara, ku auna da agogo minti nawa yaro ke yi daga fita gida zuwa dawowa, har da zaman layi. Akwai ma'auni da za ku gwada sakamakonku da shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga mutum ɗaya a yini a matsayin mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kuma ana ƙirga ruwa a matsayin yana kusa ne idan zuwa da dawowa da layi ba su wuce minti 30 ba. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a Yulin 2010 cewa samun tsabtataccen ruwa haƙƙin ɗan Adam ne. Kada ku rubuta cewa ruwan wata rijiya na da guba sai an kai shi ɗakin gwaji an ba ku takarda. Zargi ɗaya da ba ku da hujjarsa ya isa a yi watsi da duk sauran gaskiyar da kuka tara.

Daga wannan ƙirga buƙatarku za ta fito a jimla ɗaya, misali a gyara burtsatse kaza da ke wurare kaza kafin watan Maris. "A kawo mana ruwa" ba buƙata ba ce da wani jami'i zai iya sa wa hannu.

Yanzu ga haɗawa. Zan yi lissafin a kan labule mai tsayin mita 1.8 da faɗin mita 6, ku ƙara ko ku rage gwargwadon wurinku.

Jarkar man girki mai lita 20 ko 25 da robar HDPE ake yin ta. Ku kifa ta ku duba gindi, za ku ga lamba 2 a cikin alama mai kusurwa uku. Ita kaɗai za ku karɓa, kuma wadda ta ɗauki man girki ko ruwa kawai. Duk wadda ta taɓa ɗaukar fetur, gas, maganin feshi, maganin ciyawa ko ruwan batir, ku bar ta, domin wannan roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi, kuma lokacin yanka da huda zai taɓa fatar yara da numfashinsu. Shuɗɗan jarkoki galibi na sinadaran masana'anta ne, in ba ku san tarihinsu ba kada ku saya komai kyan launin. Ku shinshina kowacce. Ku kuma matse bangonta da babban yatsa: in ta yi fari-fari tana ƙara kamar za ta tsage, rana ta riga ta cinye ta, za ta karye a wurin huda.

Wani abu mai muhimmanci a nan shi ne ku sayi fasassu kawai. Jarka mai lafiya jarin ɗan garuwa ce da uwar gida, in kuka shiga kasuwa kuna kwasar masu kyau kun tsadar da abin da talaka ke ɗiban ruwa da shi, da sunan yi masa fafutuka. Ku je wurin 'yan jari-bola ku saya a kilo, ku kuma sanar a unguwa cewa duk mai fasasshiya ya kawo a biya shi. In da hali, ku yi wa 'yan garuwa musaya, fasassu biyu ko uku a ba da sabuwa ɗaya. Hakan zai jawo su cikin aikin, kuma kuna buƙatar su, domin ba wanda ya fi su sanin wace burtsatse ke ba da ruwa da wane lokaci. Ku kula kada aikinku ya nuna su a matsayin masu laifin tsadar ruwa. Giɓin da hukuma ta bari suke cikewa da ƙarfin ƙirjinsu.

A raba jarkar biyu da zarton ƙarfe kafin wanki, don hannu ya kai ko'ina. A jiƙa a ruwan ɗumi da omo na awa ɗaya, a goge da soson ƙarfe, a ɗauraye, a shanya a inuwa. In an bar maiƙo, ƙurar hunturu za ta manne ta mai da rawayar ta koma ruwan ƙasa, ga tururuwa da ɓeraye. Tunda ruwa ne matsalarku, ku yi baho uku a jere, na jiƙo, na wanki, na ɗauraya, in na ɗauraya ya yi datti ya koma na jiƙo.

A cire hannu da baki da gindi da lanƙwasassun kusurwoyi, a bar bango huɗu masu shafe. A yanko ma'auni daga kwano ko falanki mai santimita 7 kowane gefe, a riƙa zana shi a jikin robar da ƙusa, a yanka da almakashin masu kwano. Kada a yi amfani da injin gurza ƙarfe, yana narkar da bakin robar, yana watsa gari, yana kuma fizgewa daga hannun wanda bai saba ba. A ɗan datse tsinin kusurwoyi huɗu, a bi baki da samfefa, saboda yara za su taɓa. Jarka mai lita 25 tana ba da yanki kamar 45. Labulen namu yana cin yanki 1,920, wato jarka 43 a lissafi, amma ku tanadi 55 saboda ɓarna da wuraren da suka fashe.

Kowane yanki huda huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, faɗin milimita 3, a nisan milimita 7 zuwa 8 daga baki. Wannan nisa shi ne inda yawancin masu farawa ke kuskure. In hudar ta matso baki, iska ta farko za ta sa waya ta yage ta, in ta yi nisa kuma yankunan za su hau kan juna. A huda ma'aunin nan tun farko, a tara yanki biyar a ɗaure su da matsi a kan katako, a ɗora ma'aunin a sama, a huda su lokaci guda da injin huda. Huda 7,680 ce gaba ɗaya, in aka yi biyar-biyar ta koma sau 1,536. Wasu sukan gasa ƙusa a wuta su huda. Yana aiki, amma mai yi zai yini yana shaƙar hayaƙin roba, ban ba da shawararsa ba. A shimfiɗa buhu a ƙasan wurin yanka da huda a tattara ɓarɓashin kullum, kada iska ta kai shi kwata ko kaji su tsattsage. Masu yanka da huda su sa safar hannu da tabarau.

Wurin ɗinki, a jera yankunan a ƙasa da tazarar rabin santimita. Inda kusurwoyi huɗu suka haɗu, waya ɗaya mai tsawon santimita 12 za ta bi hudojin huɗu, ta fito ta nan ta nutse ta can, a murɗe bakin biyu ta baya da filaya sau uku ko huɗu, a lanƙwasa tsinin ciki. Jar waya mai kaurin milimita 1 ta fi dacewa, don tana lanƙwasuwa ba ta tsatsa. Za ku ci mita 250, kusan kilo biyu. Masu gyaran janareta da fanka suna da tsohuwar wayar naɗi, in kun samu mai kauri a hannunsu ta yi, amma kada a ƙona waya don cire mata riga. Illar jar waya ita ce tana da kuɗi a wurin 'yan jari-bola, in aikin zai kwana a waje ba mai gadi za a iya kwance shi. A irin wannan hali ku ɗauki farar wayar ƙarfe wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita tana da arha, amma ruwan sama biyu ya isa ta zubar da jan tsatsa a kan robar, kafin kaka kuma wayar ta fara tsinkewa. Maɗaurin roba na masu wayarin kuma rana tana busar da shi ya karye.

Kada a ɗaure tamau. Wannan roba tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, a faɗin mita 6 bambancin sanyin asuba da zafin azahar zai iya kai santimita biyu zuwa uku. In ba a bar mata wurin motsi ba, labulen zai kumbura a tsakiya ya yage hudoji. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne wanda in ka ɗaga fallen zai lanƙwashe a hannunka kamar tabarma.

Kada kuma ku ɗinka shi a dunƙule. Ku yi falle-falle, kowanne yanki 8 a tsaye 8 a kwance, wato 64, faɗinsa santimita 60. Falle 30 za su ba ku jeri uku na goma-goma. Haka El Anatsui, ɗan Ghanan da ya koyar a Jami'ar Nsukka daga 1975 zuwa 2011, yake yin manyan labulensa na marufan kwalba: mataimaka su ɗinka ƙananan falle, a baje a ƙasa, ya yi ta sauya musu wuri har tsarin ya zauna, sannan a haɗe. Amfanin wannan a wurinku ya fi na kyan gani. Matan da ba sa fita za su iya ɗinka falle a cikin gida, kowane layi na unguwa ya ɗauki nasa, in wani wuri ya lalace a kwance falle ɗaya a gyara. Mutum goma masu aikin awa uku da yamma su ware mako uku, kuma wanki da yanka ne za su fi cin lokaci, ba ɗinki ba. Duk wanda ya bar sana'arsa ya zo, a biya shi, ko da kaɗan ne.

Fenti ba ya kama wannan roba, ko ya kama zai ɓare cikin 'yan makonni ya zama wata sharar, alƙalamin maka kuma rana na goge shi. Ku yi ado da launin jarkokin kansu. Rawayar ma ba iri ɗaya ba ce, akwai mai haske, akwai wadda ta koɗe, akwai mai duhu, ga farare da baƙaƙe. Ku ware su buhu-buhu tun wurin yanka. A nan ƙirgarku za ta shiga cikin aikin: a ba kowace burtsatse falle ɗaya, mai aiki rawaya zalla, matacciya a sa mata baƙi a tsakiya, ko kowane baƙin yanki ya tsaya a madadin wata ɗaya da ta yi a mace. Wanda ya tsaya a gaban labulen zai iya neman ta layinsu ya nuna da yatsa. Bayanin da buƙatar a rubuta su a allon kwano daban, da Hausa, da boko da ajami, jimla uku ko huɗu, da kwanan wata.

Game da siffa, shawarata ku tsaya a zane, ku bar mutum-mutumi. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin ya yi suna da mai da jarkokin fasa-ƙwaurin fetur fuskokin mutane, bakin jarka ya zama baki, hannunta ya zama hanci, kuma a aikinsa La Bouche du Roi ya jera 304 a siffar jirgin bayi. Aiki ne mai ratsa zuciya, amma a unguwar Musulmi siffar fuska za ta jawo muhawarar da za ta danne zancen ruwa, ku wayi gari kuna kare kanku a gaban malamai maimakon ku same su a bayanku. Muna da dagi, da zanen aska na babbar riga, da adon bangon soro, duk suna zama daram a kan murabba'ai.

Wurin kafawa ne haɗari yake. Labulen duka bai wuce kilo 20 ba, wannan ne ke yaudarar mutane su rataye shi a kan gora. Iskar hadarin farkon damina in ta kai gudun kilomita 90 a awa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 40, a kan labulenku kusan kilo 400 ke nan. Mafi sauƙi da aminci shi ne a jingina shi da katangar bulo mai ƙarfi, da izinin mai ita a rubuce, a kafa rodi mai milimita 12 a kwance kowane santimita 60, a ɗaure fallayen a jikinsa. Katangar ƙasa ba ta riƙe ƙusa, kada a gwada. In dole sai ya tsaya da kansa, a kafa turaku huɗu na bututun ƙarfe mai kauri, inci biyu ko fiye, tazarar mita 2, kowanne a rami mai zurfin santimita 80, a cika da kankare na kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a yi ta ba shi ruwa mako guda kafin a rataya komai, a kuma sa tokara ta baya. Ku nemi injiniyan gini ya duba kafin buɗewa, kuma kada ya wuce tsayin nan. Ya yi nesa da wayar lantarki, da mai shayi, da mai tsire, da janareta, domin wannan roba in ta kama wuta tana ci tana ɗiga. In kun haɗa da jarkoki cikakku a tsarin, a huda gindin kowacce, in ba haka ba kun gina wa sauro gida. Shimfiɗawa a titi irin na Clottey yana da kyau na yini ɗaya a lungun da aka tare, amma yana da santsi in ya jiƙe, kuma waya na kama ƙafar tsoho da tayar babur. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris: ba hadari, ga shi ana tunkarar bazara, lokacin da ƙishin ruwa ya fi tsanani.

Za a ba ku shawarar ku ƙara da ledar fiya-wata. Ledar ba ta jure rana, cikin 'yan watanni za ta ruɓe ta zama gari ta bi iska. In za a yi da ita, a cikin ɗaki ko na kwana biyu.

Sai mutane, kuma da ɗan gari akan ci gari. Clottey kansa ya gamu da wannan. A 2021 an shirya kafa aikinsa The Wishing Well a garin Coachella na jihar Kalifoniya, yankin da wasu matalautan unguwanni ke fama da gurɓataccen ruwa, sai shugabannin garin suka ƙi, suna ganin za a yi baje-koli ne da wahalar mutanensu. Ƙarshe a Palm Springs aka kafa shi. Ku 'yan unguwa ne, wannan ya ba ku rinjaye, amma bai ɗauke muku zuwa gaban mai unguwa da dagaci da limamai tun kafin ku sayi jarka ba. Ku je da littafin ƙirgar, ku nemi su sa hannu a takardar buƙata, ku nemi izinin wurin a rubuce daga ƙaramar hukuma, ku kai wa ofishin 'yan sanda takardar sanarwa in za a yi taro. Kada a ɗauki hoton yaro a layin ruwa sai da yardar iyayensa, kada a sa fuskar matar aure a intanet sai ta amince ita da gidanta. Hoton hannu a kan jarka ko layin jarkoki ba kowa ya isar da saƙon.

Ku kuma san cewa aikin da ya taɓa masu iko yana iya gamuwa da hannunsu. Sokari Douglas Camp, 'yar asalin Buguma a jihar Ribas, ta ƙera motar bas ta ƙarfe a 2006 don tunawa da Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare muhalli, da 'yan ƙabilarsa ta Ogoni takwas da aka rataye tare da shi a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. Da aka turo ta Najeriya a 2015 don cika shekara ashirin, kwastam suka riƙe ta a tashar jiragen ruwa ta Legas bisa hujjar tana ɗauke da manufar siyasa, ba ta kai ƙasar Ogoni don taron ba. Naku bai kai wannan zafi ba, amma ku ɗauki darasin: ku ɗauki hoto da bidiyon kowane falle da na aikin gaba ɗaya tun daren kafawa, ku ajiye kwafin littafin ƙirga a hannun mutum uku. Ku rubuta sunan ofishi, kada ku rubuta sunan mutum ko zagi. Haɗarin da ya fi kusa da ku ma ba kwacewa ba ne, saye ne. Ɗan takara zai zo ya ce zai biya kuɗin waya a manna fostarsa a gefe, daga ranar rabin unguwa sun fita daga aikin. Ku yanke tun yanzu, a rubuce, cewa ba tutar jam'iyya, ba kuɗin wanda kuke kai wa koke.

Ranar buɗewa a gayyaci kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da wakilin hukumar ruwa ta jiha, da gidajen rediyo, domin rediyo ya fi kai maganar inda ake yanke hukunci. Wanda zai yi bayani ya kasance mai ɗiban ruwan ne, wata uwa ko wani ɗan garuwa, da makanikin da ya yi ƙiyasi. A miƙa takardar buƙata a wurin, washegari a kai ta ofis a karɓo kwafi mai hatimin karɓa. Bayan kwana 30 a koma da wasiƙar tuni, bayan 60 a sake. A Najeriya dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambaya a rubuce ko an ware wa ruwan unguwarku kuɗi a kasafi, kuma ta ba ofis kwana bakwai ya amsa. Duk burtsatsen da aka gyara, a kwance baƙaƙen yankunan fallenta a bainar jama'a a sa rawaya, a gode wa wanda ya gyara da sunan ofishinsa. Wannan yana ba 'yan jarida dalilin dawowa, yana kuma ba jami'i abin da zai nuna.

Ku sa ranar saukewa tun ranar kafawa. Robar da ta riga ta sha rana ba za ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu a waje ba kafin ta fara karyewa, don haka wata huɗu zuwa shida ya isa, a sauke kafin hadarin farko. A riƙa zagayawa kowane mako da filaya ana ɗaure abin da ya kwance ana tsince abin da ya faɗi. Fallayen da ke da lafiya a ba makarantar unguwa ta rataya a cikin aji, inuwa za ta sa su daɗe. Sauran a kwance wayar a sayar daban, robar a zuba a buhu tare da hannaye da gindaye da ɓarɓashin da kuka tara tun farko, a kai wa masu niƙa roba. Suna biyan kuɗi mafi kyau in launi ɗaya ne, ba fenti, ba guntun waya a ciki.